Babi na Shida: Yunwar Shuka da Gubar Ƙasa

Kogin Kwara ba ya shigowa Nijeriya hannu rabbana. Kafin ya iso yankin Lolo da Illo a ƙaramar hukumar Bagudo, ya riga ya karɓi ruwan Mekuru da na Alibori da na Sota, koguna uku da ke gangarowa daga arewacin Jamhuriyar Benin, inda gonakin auduga suka shimfiɗu tun daga Banikwara har Kandi da Segbana. Yakan bar Gaya a hagu, Malanbil a dama, ya shigo mana. Bai yi nisa ba sai gulbin Sakkwato ya same shi daga arewa, shi ma da nasa kayan: ruwan Rima, da na gulbin Zamfara wanda ya ratso ƙasar Anka da Gummi, da na gulbin Ka. Duk shekarar da ruwa ya yi gyara, kamar 2012 da 2020, waɗannan koguna sukan malale cikin fadama, su kwana biyu, su janye, su bar laka. Wannan lakar ita ce jarin manomin Bagudo tun kaka da kakanni. Sai dai ruwa ba ya tantance abin da zai kwaso. Abin da aka zuba a gonar auduga, da abin da aka wanke a bakin ramin zinare, da abin da gari ya watsar a kwata, duk hanyarsu ɗaya ce idan sun sami mai ɗaukarsu.

Akwai kuma hanya ta biyu, ta tudu. Tsakanin Lolo da Madekali, ko tsakanin Tsamiya da Segbana, jama'a ɗaya ce, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. Buhun taki da galan ɗin maganin feshi farashi suke bi: inda suka fi daraja can suke nufa, ko iyaka na buɗe ko tana rufe. Saboda haka fadamar Bagudo wuri ne da ruwan ƙasashe da dama da takin ƙasashe da dama suke haɗuwa a saiwar shuka guda. Shi ya sa na zaɓe ta don maganar wannan babi. Ba ina shelar cewa ƙasarta ta gurɓace ba ne. Ina cewa wuri irin wannan shi ya fi cancanta a fara kula da shi tun lafiyarsa ƙalau.

Tun ranar 17 ga Nuwamba, 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, noman shinkafa a jihar ya sauya kama. Fadamar da a da take hutawa da rani ta koma ba da amfani sau biyu, wani wurin har sau uku. Injin ban ruwa ya cika bakin gulbi. Manyan masana'antun casa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, suka buɗe baki suna jiran shanshera. Wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan a koma baya. Amma a dubi abin da ake mayar wa ƙasa bayan kowace kaka: kamfa da yuriya, yuriya da kamfa. Sinadari uku ke nan, naitirojin da fosfaras da fotasiyam, alhali shuka tana jan sinadarai goma sha huɗu daga ƙasa.

Takwas daga cikinsu ana kiransu ƙananan sinadarai, don kaɗan ake bukata: ƙarfe, manganis, zink, tagulla, boron, molibdinam, kulorin da nikel. Tan guda na shanshera yakan ci naitirojin kilo goma sha biyar zuwa ashirin, amma zink ɗin da zai ci bai wuce giram 50 ba. Ƙanƙantar adadin ce ta sa ake mantawa da shi. Shekara da shekaru ana kwashe giram ɗari biyu ko ɗari uku daga kowace hekta ba a mayarwa, har ranar da manomi zai ga dashensa ya yi mako uku bai tashi ba, ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar an yayyafa masa tsatsa, wani gindi dogo wani gajere a fangali ɗaya. Sai ya ce gona ta gaji, ya ƙaro yuriya. Yuriyar ba za ta yi komai ba, domin ba yunwarta shukar ke ji ba.

Asarar amfani ita ce illar da ido ke gani. Akwai wata da ba a gani, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Abin da ke shiga ba tare da gayyata ba

A cikin ƙasa akwai wasu ƙarafa da shuka ba ta da amfanin da za ta yi da su, mutum ma haka: kadmiyam, dalma, zaiba, da arsenik wanda ake lissafawa tare da su ko da yake rabin ƙarfe ne. Kowace ƙasa tana da ɗan kaɗan daga cikinsu tun halitta. Matsala tana farawa idan ɗan Adam ya ƙara, ko ya sauya yanayin ƙasar har abin da ke kwance ya narke. Ba sa ruɓewa kamar maganin ciyawa. Abin da ya shiga gona bana, jikoki za su tarar da shi.

Jafanawa ne suka fara biyan kuɗin wannan karatu da jikinsu. Kamfanin haƙar ma'adinai na Kamiyoka ya shafe shekaru yana sakin ruwan wanki cikin kogin Jinzu, manoman lardin Toyama kuma suna ban ruwan shinkafa da shi. Shinkafar tana fitowa fara tas, ba wari ba ɗaci. Sai mata, musamman dattawan da suka yi haihuwa da yawa, suka fara ciwon ƙashi mai tsanani, ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har tari kan iya karya haƙarƙari. Saboda kukan da suke yi aka raɗa wa cutar suna itai-itai. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa kadmiyam ne. Gyaran gonakin ya ɗauki daga 1979 zuwa 2012, aka kankare ƙasar hekta 863 aka kawo sabuwa. Ƙasa mai arzikin Japan ke nan, shekara 33 a kan filin da bai kai wani ɓangare na fadamar gari guda a Kebbi ba. A Sin ma, binciken da gwamnati ta fitar a 2014 ya nuna kashi 19.4 cikin ɗari na wuraren da aka gwada a ƙasar noma sun haura ƙa'ida, kuma kadmiyam ne kan gaba.

Kadmiyam idan ya shiga jiki ƙoda yake nufa, kuma kafin rabinsa ya fita sai an yi shekara goma zuwa talatin. Shi ya sa hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta ce kada ya wuce miligiram 0.4 a kilon shinkafa casassa, Sin kuwa ta tsaya a 0.2. Wanda tuwon shinkafa ne abincinsa dare da rana shi wannan lissafi ya fi shafa.

To ta yaya abin da shuka ba ta so yake shiga cikinta? Saiwa ba soso ba ce da ke tsotse duk abin da ya taɓa ta. A fatar kowace ƙwayar halitta ta saiwa akwai ƙananan ƙofofi, kowace da sinadarin da aka yi ta dominsa: wannan ta manganis, waccan ta ƙarfe, waccan ta zink. Mutumin Bagudo zai fahimci abin da sauri idan ya tuna shingen kan iyaka. Akwai jami'i, akwai duba takarda, amma wanda ya yi kama da ɗan gari, ya sa irin tufarsa, yakan wuce. Kadmiyam ɗan uwan zink ne na jini a jadawalin sinadarai, cajinsa irin na zink da manganis da ƙarfe, girmansa kuma bai yi nisa da nasu ba. Idan 'yan gari sun cika layi, da wuya baƙo ya sami wuri. Idan kuwa gari ya matsu da jiran kaya har aka ba da umarni a ƙara buɗe shingaye a sassauta bincike, ranar baƙo ta zo. Haka shuka ke yi idan tana jin yunwar ƙarfe ko zink: takan ƙara yawan ƙofofin a saiwarta, ta ƙara tsami a ƙasar da ke kewaye da saiwar don ta narkar da abin da take nema. Duk dabarun biyu kadmiyam suke yi wa aiki.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2012 ayarin Farfesa Jian Feng Ma na Jami'ar Okayama ya nuna cewa babbar hanyar kadmiyam zuwa cikin shinkafa ita ce ƙofar manganis, wadda masana suka sa wa suna OsNRAMP5. A shekarar kuma wasu masu bincike a Japan suka fitar da wani nau'in shinkafarsu ta Koshihikari wanda wannan ƙofa tasa ta lalace, aka shuka shi a gurɓatacciyar ƙasa, ƙwayarsa ta fito kusan babu kadmiyam. Shekara huɗu kafin nan, a 2008, ayarin Ma ɗin ya gano cewa arsenik a gonar da ruwa ya kwanta ta ƙofar silikon yake bi. Wani nau'insa kuma ta ƙofar fosfaras. Kowace guba tana da ɗan garin da take fakewa da shi.

Da aka gane haka, sai dabara ta fito fili: a ƙosar da shuka da abin da take nema, ƙofofin su ragu, 'yan gari su cike waɗanda suka rage.

Zink, da abin da aka gani a gonaki

Tun kafin a san sunayen ƙofofin, manoma sun ga aikin zink. A Indiya, wata cutar shinkafa da ake kira khaira ta addabi yankin Tarai har masani Y. L. Nene ya nuna a shekarun 1960 cewa ƙarancin zink ne kawai. A tsakiyar Anatoliya ta Turkiyya, aikin Farfesa Ismail Cakmak da abokansa a shekarun 1990 ya nuna gonakin alkama da aka ɗauka fari ne ya kashe su, ashe zink suke nema. A wasu wuraren amfani ya ninka, kamfanonin taki suka fara zuba zink a cikin kamfa. A Ostireliya kuma, gwaje-gwajen gona a kudancin ƙasar sun nuna cewa zuba zink kaɗan a ƙasar da ke da ƙarancinsa ya rage kadmiyam a ƙwayar alkama sosai. A kudancin Sin, inda matsalar ta yi ƙamari, fesa zink ko silikon ko seleniyam a ganyen shinkafa lokacin da take ɗaukar ciki ya zama ɗaya daga cikin matakan da ake ba manoma.

Aikin zink bai tsaya a bakin ƙofa ba. Gubar da ta riga ta shiga takan haddasa wa shuka wani irin ƙuna daga ciki, inda wasu ɓaraguzan iskar oksijin ke yayyaga ƙwayoyin halitta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta daina tsawo. Shuka tana da nata sinadaran kashe wannan ƙuna, kuma manyansu ba sa aiki sai da zink da tagulla, ko manganis, ko ƙarfe a jikinsu. Shukar da ba ta da waɗannan an buɗe mata ƙofa, an kuma karɓe mata makami.

Sannan akwai ƙofa ta biyu, a hanjin mutum. Jikin da ke da ƙarancin ƙarfe yakan ƙara buɗe hanyar tsotsarsa, kadmiyam da dalma su bi ta nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa matan Toyama suka fi maza shan wuya. A tuna cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Mutanenmu ba su da garkuwar da za su jure abin da wasu za su jure. Shinkafar da ta sami zink tana kare mai cinta sau biyu: guba ta ragu a cikinta, zink ya ƙaru.

Dole a faɗi gaskiya dai: sakamakon ba ɗaya ba ne a ko'ina. A ƙasar da ke fama da ƙarancin zink ragin yakan yi yawa, har ya kai rabi. A wadda ta wadata da shi, ƙari bai cika taɓuka komai ba, wani lokacin ma sai ya ture kadmiyam daga jikin ƙwayoyin ƙasa ya shiga ruwa, shuka ta sha. Zink kansa idan ya yi yawa guba ne, boron kuwa tazarar da ke tsakanin isarsa da wuce gona da irinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Don haka ma'aunin da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin da takwarorinta suka saba bayarwa ƙarami ne: wajen kilo 25 na gishirin zink salfet a hekta, rabin buhu ke nan, a zuba kafin dashe, kuma yakan ɗauki gona kaka biyu ko uku. In feshi ne, giram 5 a litar ruwa, wato giram 80 a goyon feshi mai lita 16, da sassafe ko da yamma. Wanda ya ce bari ya ninka don ya ga aiki da wuri zai ƙone ganyensa.

A nan makwabtanmu sun riga mu taki ɗaya. Kamfar da ake raba wa manoman auduga a Benin da sauran ƙasashen auduga na yammacin Afirka ta daɗe tana ɗauke da farar wuta da boron, domin masu tsara noman audugar sun gane tun tuni cewa sinadari uku ba su isa ba. Wannan buhu an haɗa shi ne don auduga a tudu, ba don shinkafa a fadama ba, kuma babu zink a asalin haɗinsa. Darasin dai shi ne ana iya tsara taki daidai da amfanin gona da ƙasar da za a zuba shi. Shinkafar Kebbi, da ta ciyar da Legas a ƙarƙashin haɗin gwiwar LAKE Rice na jihohin biyu da aka ƙaddamar a Disambar 2016, ta isa a yi mata nata haɗin.

Tsatsa a fadama, da buntun da ake ƙonewa

Gubar ƙarfen da manomin shinkafa a yammacin Afirka ya fi haɗuwa da ita ido da ido ba kadmiyam ba ce, ƙarfe ne kansa. A kwarin da ruwa ke tsatsafowa daga tudu ya kwanta ba ya gudu, za a ga ruwan ya yi ja, samansa da wani maiƙo mai ƙyalli. Ƙarfen da ke cikin jar ƙasa ne ya narke saboda rashin iska. Shinkafa ta sha fiye da ƙima, ganye ya fara ɗigo daga baki har ya koma launin tagulla, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Asara takan fara daga kaɗan har ta kai gona sukutum. Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta shafe shekaru a kan wannan, kuma abin da ta gano ya dace da duk abin da muka faɗa: gonar da ta sami fotasiyam da fosfaras da zink ta fi jurewa, domin saiwa mai lafiya tana fitar da iska a kewayenta, ƙarfen ya daskare a bayanta ya zama jan ɓawo maimakon ya shige. Wannan ɓawon har arsenik da kadmiyam yakan riƙe. Akwai kuma iri masu juriya, kamar FARO 52 da ke cikin jerin irin da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ke yaɗawa. A haɗa iri mai juriya da magudanar ruwa a gefen gona da taki cikakke, sai gonar da aka yanke wa ƙauna ta dawo.

Silikon kuwa labarinsa yana ba ni takaici, domin muna da shi tuli muna banka masa wuta. Shinkafa tana cikin shuke-shuken da suka fi kowa shan silikon: kusan kilo 80 kan kowane tan na shanshera, fiye da naitirojin sau huɗu. Mafi yawansa yana cikin tattaka da buntu. Tattaka takan tafi ga dabbobi, buntu kuma ya taru tsibi-tsibi a bayan injinan casa yana hayaƙi. Tokar buntu kusan kashi tara cikin goma nata silika ce. Idan ta koma fadama, tana ƙarfafa kara ya daina kwanciya, tana rage shigar arsenik saboda ƙofarsu ɗaya, tana kuma taimakawa wajen tsare kadmiyam a bangon ƙwayoyin saiwa. Babu dala a cikin wannan harka, babu jirgin ruwa. Amalanke ce kawai da takin da dabbobin suka mayar.

Ruwa ma taki ne a wannan lissafi. Idan fangali na cike da ruwa, kadmiyam yakan haɗu da farar wuta ya daskare, shuka ba ta samunsa. Arsenik kuwa a lokacin yake narkewa. Idan fangali ya bushe, sai abin ya juya. Shi ya sa a yankunan Japan masu matsalar kadmiyam ake umartar manoma su riƙe ruwa mako uku kafin fitar kai da mako uku bayansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manomin rani da yawa ya rage tayar da inji, fangali na bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Ga kuma yuriya da ke ƙara wa ƙasa tsami a hankali, tsami kuwa abokin kadmiyam ne. Babu wanda ya zauna ya tsara haka, amma yanayin noman rani na yau ya karkata zuwa ɓangaren da kadmiyam ke so, in har yana wurin.

Inda taki ba ya kaiwa

Kada mai karatu ya rufe wannan babi da zaton an samo maganin kowace guba a buhu. Dalma ta isa misali. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar da yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, daga baya Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinaren da ake kawowa gida a daka a niƙa cike yake da dalma, har aka auna ƙasar wasu gidaje aka sami sama da kashi goma cikin ɗari dalma ce. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Da masu bincike suka bi sawun abinci, sai suka ga hatsin bai kwaso mafi yawan dalmar daga gona ba, domin dalma a saiwa take maƙalewa, kaɗan ke hawa zuwa ƙwaya. Bayan girbi ne take shiga: wurin shanya a ƙasa, wurin sussuka, a turmi da injin niƙan da dutse ya bi. Babu zink ɗin da zai hana wannan. Abin da ya ceci sauran yaran shi ne kankare ƙasar gidaje, da fitar da niƙan dutse daga gari, da magani. Jihar Kebbi ma tana da masu haƙar zinare a ƙasar Yawuri da Zuru, don haka wannan darasi namu ne. Tabarma ko leda a ƙarƙashin shanya, da raba injin hatsi da injin dutse, sun fi kowane taki a nan.

Haka ganyaye. Alayyafo da latas da kabeji suna tara kadmiyam a ganyen da ake ci, ƙura kuma na maƙale musu. Masu lambu a gefen Jakara da Challawa a Kano, da ke ban ruwa da abin da masana'antun Bompai da Sharada da majemu ke saki, ba su da wani taki da zai wanke musu ruwan. Sai dai a tace shi tun daga bakin bututu. Takin bola ma, da manoman gefen gari ke rububi, yanzu ba toka da kashin awaki kaɗai ba ne. Akwai fasassun batura a ciki, kuma yawaitar wutar sola ta ƙara yawan matattun batura masu dalma da ake farfasawa a bayan kasuwa.

Abu mafi ɗaci shi ne buhun takin da kansa yana iya zama hanyar gubar. Dutsen da ake yin takin fosfaras da shi yana zuwa da kadmiyam tun daga rami, kuma na yammacin Afirka, kamar na Hahotowe a Togo da na Taiba a Senegal, yana cikin masu yawansa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019, wadda ta fara aiki a Yulin 2022, cewa takin da ke ɗauke da tambarinta kada kadmiyam ɗinsa ya wuce miligiram 60 a kowane kilo na sinadarin fosfet. Takin zink ya fi wannan haɗari, saboda zink da kadmiyam rami ɗaya suke fitowa, kuma wasu masana'antu daga ƙurar narka ƙarafa suke haɗa na araha. A 1997 ɗan jarida Duff Wilson na jaridar Seattle Times ya tona yadda ake mayar da sharar masana'antu taki a Amurka, bayan ƙorafin manoman wani ƙaramin gari, Quincy. A tsakiyar shekarun 2000 manoman abarba na Gabashin Kef a Afirka ta Kudu suka fesa zink salfet da aka shigo da shi, ashe cike yake da kadmiyam; kasuwar Turai ta ƙi abarbarsu ta gwangwani, mutane da yawa suka rasa abin yi. Sun sayi magani ne, aka ba su cutar. Araha ba ta ado, kuma farin garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, ana sayarwa a kasuwar kan iyaka da sunan takin ganye, ba abin da za a fesa wa abincin yara ba ne.

Nijeriya tana da dokar kula da ingancin taki tun 2019, wadda ta wajabta rajista da rubuta abin da ke cikin buhu, ta kuma tanadi hukunci ga mai algus. Doka a takarda ba ta auna komai. Ana bukatar wanda zai tsaya a Tsamiya da Lolo da kasuwannin Bagudo da Kaoje ya ɗebi samfuri ya kai ɗakin gwaji, ya kuma sanar da sakamakon a rediyo da Hausa da Dandanci da Fulatanci. Masana ba su yi mana nisa ba: akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, akwai Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Abin da ya kamata hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kebbi, KARDA, ta nema daga gare su ba mai wuya ba ne: a auna tsamin ƙasa da zink da kadmiyam da dalma da arsenik a fadamun da ke bakin Kwara da mahaɗarsa da gulbin Sakkwato, a auna lakar da ambaliya ta bari, a auna shansherar kanta, a maimaita duk bayan 'yan shekaru. Masana'antun casa su ma suna da ruwa da tsaki, domin ranar da aka sami matsala a buhu sunansu ne a jiki.

Kafin hukuma ta motsa, manomi yana da abin da zai yi da hannunsa a wannan rani. Ya ware fangali biyu maƙwabta, iri ɗaya, ruwa ɗaya, kamfa ɗaya. Ya sa wa ɗaya zink daga dila mai rajista, a buhu mai suna da lamba, ya bar ɗayan. Ya kira malamin gona su duba tare bayan mako huɗu da dashe, su kuma auna abin da kowane ya bayar ranar sussuka. Ƙungiyoyin manoman shinkafa na Bagudo da Illo da Zagga kuma su haɗa kuɗin gwajin ƙasa kamar yadda suke haɗa na mai, su nemi a ba su sakamakon a rubuce kafin damina ta sauka.